Ranar da Kasuwar Tungar Nomau ta Ci

Ku gyara zama, wannan ba ta masu gyangyaɗi ba ce, domin a ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A zamanin da gonaki suka yi wa mutane kaɗan a tsohon gari, wani dattijo mai suna Nomau ya kwashi iyalinsa da wasu 'yan gidaje, suka tsallake rafi, suka sari daji suka kafa bukkoki. Ƙasar ta karɓe su, dawa ta yi har rumbuna suka kasa. Aka sa wa wurin suna Tungar Nomau. Ciki ya ƙoshi, amma hankalin Nomau bai kwanta ba, domin tungar ba ta da kasuwa. Ko gishiri sai an yi tafiyar yini. Mata suka fara ƙorafi, samari suka fara zancen komawa gida. Ana cikin haka labari ya zo cewa za a yanka wa wannan daji gunduma, kuma hakimi zai zauna ne a garin da kasuwarsa ta ci. Nomau ya san in kasuwa ba ta kafu ba, tungar watsewa za ta yi, a bar shi a kango.

Ya tara jama'a ya ce, "'Yan'uwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowa ya fito da abin da Allah ya hore masa."

Shekarau mai jakuna, mutumin da ba ya son magana, ya ɗauki gatari da adda. Ya sari hanya daga tungar har ta haɗu da hanyar fatake, ya jera duwatsu a mashigin rafi. Ya zaga kasuwannin ƙasar duka, ya gano ranar Laraba ce babu kasuwar da ke ci. Ya dawo tafin hannunsa duk kanta.

Laraba ta zo, an kafa rumfuna, ko kare bai leƙo ba. Nomau ya yi tagumi. Sai Tabawa, wata tsohuwa mai bakin tsiya, ta dube shi ta ce, "Haba Malam, ka taɓa ganin ƙuda ya sauka a busasshen kwano?" Ta bi gida gida ta koro kowa, ta ce su sayar wa juna abin da suke da shi, kuma su ɗaga murya. Kaza ɗaya ta yi ta zagawa hannu hannu har ta dawo wurin mai ita. Wani ya taya tsintsiyar gidansa a hannun matarsa, ita kuwa ta murtuke tana cewa albarka. Nomau ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Hayaniyar ta kai hanyar fatake, wani ayari ya ji, ya karyo.

To, fatake ba yara ba ne. Madugu ya duba ya ga tsintsiya da kaza mai jiri, ya ce a juya. Cindo mahauci yana da takarkari guda, shi ya ɗauko masa kaya daga tsohon gari, yana ji da shi kamar ɗa. Ya shafa wuyansa, ya kau da kai, ya yanka. Aka buga kalangu, ƙanshin tsire ya tashi. Madugu ya shaƙa, ya ce, "A sauke kaya!" Gishiri da kanwa suka bazu a rumfuna. Laraba mai zuwa matan Fulani suka zo da nono, ta gaba kuwa ba masaka tsinke. Jakadan hakimi ya zo ya gani da idonsa, aka ce Tungar Nomau ce mazaunin hakimi.

Nomau ya yi murna har da hawaye. Al'adarsu kuwa, in kasuwa ta kafu, mutum ɗaya ke dasa reshen ceɗiya a tsakiyarta, kasuwar ta ci sunansa har jikoki. Aka miƙa wa Nomau reshen ya ba wanda ya dace. Ya dubi Shekarau, wanda ba don hanyarsa ba babu mai isowa. Ya dubi Tabawa, wadda ba don hayaniyarta ba babu mai karyowa. Ya dubi Cindo, wanda ba don takarkarinsa ba da kowa ya juya. Reshe ɗaya ne, ramin ma ɗaya aka haƙa, jama'a suna jira.

To, ku da kuka ji, in ku ne Nomau, a hannun wa za ku danƙa reshen nan?