Khala Mastura Da Man Kwana Uku

Akwai wata tsohuwa a Bagdadiyya, cikin Jidda, ana ce mata Khala Mastura, khala kuwa inna ce a Larabci. A garin aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa domin aikin Hajji, ya sauke farali, bai koma ba.

A tsohuwar unguwarsu ba a haihuwa ba a aiko mata ba. Ita ke wanke jariri, ita ke gasa cibiya, ita ke haɗa wani farin mai mai laushi da ake shafa wa jarirai. Mata sun tambayi yadda ake haɗa shi har sun gaji. Amsarta ɗaya ce: "Gadon kakata ne, ba a faɗa."

Sai aka tashi unguwar, kowa ya kama gabansa. Mijinta ya riga ya rasu. Ɗanta guda, Abdulghani, yana aiki a Dammam, sai waya ranar Juma'a, ita ma ba ta wuce minti biyar. Ya kama mata gida a hawa na biyu na wani bene, inda kowa ke rufe ƙofarsa ya kunna na'urar sanyi.

Matar da a da baƙi ke hana ta cin abinci a kan lokaci, yanzu takan wuni ba ta buɗe baki ba sai a sallah. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ba ta gaya wa kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rannan aka ƙwanƙwasa ƙofarta. Wata matashiya ce goye da jariri, tana riƙe da hannun yarinya 'yar shekara shida. Sunanta Aissa, 'yar Maradi ce, a hawa na huɗu suke. Mijinta Mahamadou direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu a hanya.

"Inna, an ce mini ke Bahausa ce," in ji Aissa. "Ki duba mini jikin Rafi'u. Duk ya bushe yana saɓa, ban san mi zan yi ba. Uwata tana gida, ba ni da kowa nan."

Khala Mastura ta karɓi yaron ta juya shi. "Mukayyif ne, ya binti. Sanyin na'ura yana shanye jikin jariri. Jira ni."

Ta shiga ciki ta buɗe babbar kwalbarta. Har ta ɗauko gwangwani za ta cika, sai ta tsaya. In ta ba ta mai yawa, sai bayan wata guda za ta sake ganinta. Ta mayar da gwangwanin, ta nemo wata 'yar roba da ba ta fi murfin kwalba ba, ta lakata mata a ciki.

"Na kwana uku ne. In ya ƙare ki dawo."

Ku ji wayon tsofaffi. Ba rowa ce ta sa ta ba, man yana nan har ya yi mata yawa. Ƙwanƙwasa ƙofar take so.

Man ya karɓi yaron, jikinsa ya yi luwai. Duk bayan kwana uku Aissa takan sauko, ta tsaya a bakin ƙofa, ta karɓa, ta yi godiya, ta juya. Ko an ce ta shigo sai ta ce tana sauri. Wannan 'yar tsayuwar ita Khala Mastura ke jira. Tun da safe take sa sabon mayafi, ta turara falo, ta zauna kusa da ƙofa tana kasa kunne.

Sau ɗaya Aissa ta ce, "Inna, da kin koya mini haɗin, da na hutar da ke."

Tsohuwar ta girgiza kai. "Akwai abin da ake sawa, ba a samunsa sai a Makka," ta ce. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce.

Ana sauran mako guda a koma makaranta, Aissa ta rasa inda za ta sa kanta. Nafissa, yarinyar nan, za ta shiga aji ɗaya. Ga neman maryul, doguwar rigar 'yan makaranta, wadda sai da suka zaga kasuwar Balad sau biyu cikin zafi kafin a samu daidai ita. Ga jaka da farin takalmi da katin rigakafi. Ga kitso. Ga koya wa yarinya kwanciya da wuri, ita da ta saba wasa har bayan isha'i. Duk wannan da goyo a baya, maigida kuma yana hanya.

Kwana uku suka cika, ba a ƙwanƙwasa ba. Na huɗu ma shiru. A na biyar Khala Mastura ta ji kukan jariri a matakala, irin kukan da ta sani tun tana budurwa. Ta buɗe ƙofa ta tare su.

Ta kwance yaron a kan cinyarta. Gumi ya dafa masa wuya, cinyoyinsa sun yi ja, ƙafafunsa sun koma saɓa.

"Ina man?"

Aissa ta sunkuyar da kai. "Ya ƙare tun shekaranjiya, Inna. Na ji nauyin in sake damunki."

Tsohuwar ta sake duban yaron. Babbar kwalbarta tana ciki cike, ga jariri yana shan wuya a hannunta saboda dabararta. Garin neman gira ta kusa rasa ido. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi, ta tsane shi da farin ƙyalle. "Inda ya yi ja kada ki shafa komai, ki bar shi ya sha iska. In bai sauka ba zuwa gobe, sai wajen daktura a asibiti. Yalla, biyo ni kicin."

Ta jera mata kayan. Man kaɗanya cokali huɗu, man zaitun biyu, man kwakwa ɗaya. Ba a ɗora shi a wuta, a kan ruwan zafi ake narka shi. A tace, sannan a yi ta bugawa da cokalin katako har ya huce ya yi fari. Ba turare, ba wani ƙamshi.

"To, na Makkan fa?" in ji Aissa.

"Babu na Makka. Halas, ke nan."

Ta cika mata gwangwani har baki. Da ta rufe ƙofa a bayansu, ta zauna ta yi kuka, don ta tabbata ta sallami baƙuwarta guda ɗaya da hannunta.

Ranar Lahadi aka buɗe makarantu, don a can ita ce farkon mako. Ƙarfe shida da rabi ta ji takunsu suna saukowa, Nafissa tana surutu, suka wuce ƙofarta ba su tsaya ba. Litinin haka, Talata haka, Laraba haka. Ta daina turara falo. Ba ta yi da-na-sani ba, amma zuciyarta ta yi nauyi.

Ranar Alhamis bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Aissa ce da goyonta, da Nafissa cikin maryul har idon sawu, tana riƙe da takarda. Wannan karon ba a ce su shigo ba suka shigo, suka zauna a kan darduma.

Aissa ta ce, "Inna, daga lakwal, makarantar Nafissa, aka ba da wannan, ni kuma ban iya rubutun Larabci ba. Wai a sa sunan wanda za a kira in ba a same mu ba, wanda kuma aka yarda ya ɗauko yarinya. Sunanki nake so a sa, in ba za ki ƙi ba."

Khala Mastura ta dube ta. "Na ɗauka kin samu haɗin, kin gama da ni."

"Ni? Wallahi Inna, da can tsoronki nake ji. Na ga kina auna mini man kaɗan-kaɗan, sai na ce kin gaji da ni, kunya ce ta hana ki kore ni. Shi ya sa ban taɓa zama ba. Ranar da kika shigar da ni kicin na san na yi uwa a garin nan."

"Don ki riƙa dawowa nake aunawa," in ji tsohuwar a hankali. "Ba mai zuwa wurina sai ke. Ki yafe mini."

Aissa ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa mata biro. Khala Mastura ta sa tabarau, ta rubuta sunanta da lambar wayarta. Ta zo layin ƙarshe ta tsaya.

"Nan suna tambaya, mece ce ni a wurin yarinyar. In sa maƙwabciya?"

Kafin Aissa ta amsa, Nafissa ta leƙo kan takardar. "Na riga na gaya wa malama kakata ce za ta zo ɗaukata ran Lahadi."

Tsohuwar ta rubuta: kaka.

Darasi: Ba a ɗaure mutum da ɗan abin da ake tsakura masa. Wanda ka riƙe da dabara a bakin ƙofa zai tsaya, wanda ka sakar wa hannu shi ne zai shigo ya zauna. In Allah Ya ba ka wani sani, ka koyar, ba zai rage ka da komai ba. Kuma ku leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai a kusa da ku, da yawansu ba za su taɓa faɗa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta wannan labari, wataƙila a buɗe wata ƙofa yau.