Irin da Toma Ya Ajiye a Kwalba

Akwai wani mutum a ƙasar duwatsu, can inda ake neman bargo ko da bazara. Yana da lambu a bakin rafi, inda yake noman sitiroberi. Na san da yawa a cikinku ba ku taɓa ganin shukar ba, sai dai 'ya'yanta a faranti a bakin titi, saboda haka bari in kwatanta muku. Gajera ce, da ƙyar take wuce idon sawu. Ganyenta uku-uku ne a kan kowane sili, bakinsu tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Furenta fari ne, tsakiyarsa rawaya. 'Ya'yanta jajaye ne, ƙwayoyin irinsu kuwa ba a ciki suke ba, a waje suke manne da fata, ƙanana kamar riɗi.

Kala biyu mutumin yake da su, kuma kowace da cikas ɗinta. Ɗaya tana da zaƙi da ƙamshi, amma ba ta da jiki. In matarsa Rifkatu ta tsinka da safe ta kai bakin titi, kafin rana ta yi tsaka sun fara zubar da ruwa a faranti. Ɗayar kuwa manya ne masu tauri, suna kwana uku ba su canza ba, amma wanda ya saya sau ɗaya, in ya sake biyowa ta hanyar sai ya kau da kai kamar bai ga mai tallar ba. Kullum Rifkatu sai ta dawo gida da kunya, ko ta ruɓaɓɓu ko ta masu tsami.

Sai mutumin ya ce a ransa, "Zan haɗa su, ko Allah ya ba ni mai zaƙin wannan da jikin waccan."

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Da safe in raɓa ta ɗauke, sai ya durƙusa ya zaɓi furen mai zaƙi wanda bai gama buɗewa ba, ya cire 'yan silayen da ke ɗauke da garin nan rawaya. Sa'an nan ya ɗauki gashin kaza ya shafo gari daga furen mai tauri, ya goga a tsakiyar wancan, ya ɗaure shi da ɗan ƙyalle don kada ƙudan zuma su kawo gudummawar da ba a nema ba. In 'ya'yan sun nuna, ya kankare ƙwayoyin ya shuka. Sukan tsiro ɗari biyu, ɗari uku, kowace da halinta. In sun haihu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa har haƙoransa su mutu da tsami, ya tuge su duka, ya jira wata shekara.

Yana da ƙane, sunansa Toma, manomin acca da masara da dankali. Toma yakan wuce ta bakin shinge da fartanya a kafaɗa, ya ga wansa a durƙushe da gashin kaza, ya ce, "Yaya, yau ma ɗaurin auren furanni ake yi? Ba a gayyace mu ba."

Wan ya ce, "In an yi suna za ka ji."

Toma ya yi dariya ya wuce. Haka suka yi shekara shida.

A shekara ta bakwai, a cikin ɗaruruwan da suka tsiro, guda ɗaya ta fita daban. Ganyenta mai kauri ne, kore shar, tana tsaye ba ta kwanciya, furanninta suna ɗagowa bisa ganye, saboda haka 'ya'yan ba sa jan ƙasa. Ya raba ɗaya biyu, ya ga ja har ciki. Ya sa a baki, ya ji zaƙin nan da yake nema. Rifkatu ta ajiye guda biyar a faranti, kwana uku suka yi suna nan yadda suke, da zaƙinsu da ƙamshinsu. Mutumin ya sare sanda ya kafa kusa da ita, ya gode wa Allah da hawaye, don ya riga ya fara tsammanin zai mutu bai gani ba.

To, a nan ku kasa kunne, gama akwai abin da mutumin ya sani wanda ba kowa ya sani ba. Ƙwayar sitiroberi ba ta riƙe amana. In ka shuka ta, abin da zai fito yakan ɗauko wani kaka ko wata kaka, ba ya fitowa daidai da uwar. Hanya ɗaya ce ake samun mai kama da ita sak. In ruwa ya sauka, uwar takan miƙa wani siririn yaɗo a kan ƙasa, inda ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, sabuwar shuka ta tashi. Tana nan manne da uwar tana shan abincinta har saiwarta ta kama, sa'an nan a yanke a dasa. Saboda haka wahalar shekara bakwai duk tana jikin shukar nan guda, kuma mutumin yana jiran damina kawai.

Damina ba ta same shi a gida ba. Wata rana da hantsi ya faɗi a lambu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ana ƙoƙarin sa shi a mota zuwa asibiti a birni, sai ya kamo rigar Toma da hannun hagu. Da ƙyar magana take fita.

"Toma. Mai sandan nan. Ka riƙe mini irin."

Toma ya ce, "Yaya, kada ka sa wannan a ranka. A hannuna iri bai taɓa ɓata ba."

Gaskiya ya faɗa. A ƙauyen duka, wanda ƙwari suka cinye masa irin masara ko na wake, ƙofar Toma yake zuwa lokacin shuka. Rifkatu ta bi mijinta jinya, aka bar wa Toma lambu.

Ai kuwa Toma ya yi aiki da dukan zuciyarsa. Ya bar sauran 'ya'yan mai sanda suka nuna sarai, bai ɗanɗana ko ɗaya ba, ko da yake ƙamshinsu ya dame shi. Ya murtsuke su cikin ruwa yadda yake yi wa tumatir, ya tace a ƙyalle, ya shanya a inuwa, ya gauraya da toka, ya zuba a kwalba ya toshe bakinta. Ya kai ta can ƙuryar ɗakinsa inda ɓera ba ya zuwa. Da ruwa ya sauka, ya ga lambun ya cika da yaɗo ko'ina, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Ga Yaya a kwance. In an sallamo shi, me za su ci? Iri dai yana hannu, tsohon kara kuwa ba shi da sauran aiki." Ya kawo garmarsa da dankalinsa na shuka, ya juye lambun tun daga shinge har bakin rafi, har da mai sanda. Gonarsa ma bai taɓa ta ba sai da ya gama ta wansa.

Bayan wata huɗu aka dawo da mutumin, ya rame, yana jan ƙafa, hannun dama a rataye. Bai shiga ɗaki ba, ya ce a fara kai shi lambu. Rifkatu ta riƙe shi har bakin shinge. Ya duba, ya ga kunyoyin dankali sun yi kyau, har sun fara fure. Ya daɗe yana dubawa.

Toma ya zo da sauri, fuskarsa cike da murna, kwalba a hannu biyu.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ga amanarka, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba."

Mutumin ya dubi kwalbar, ya ce, "Uwar fa?"

"Wace uwa, Yaya?"

"Mai sandan."

"Ai ta gama aikinta. Na noma wurin tun farkon ruwa."

Rifkatu ta sa gefen zane ta rufe bakinta, ta juya baya. A nan ne Toma ya gane akwai matsala, ko da yake bai san ta ba. Wan ya zauna a kan dutse, ya bayyana masa a hankali da nauyin bakinsa, zancen yaɗo da zancen ƙwaya. Kalma ɗaya ce ta raba su. Wan ya ce iri, yana nufin ita shukar da halinta, ƙanen ya ji iri ya ɗauka abin da ake ajiyewa a rumbu.

Toma ya durƙusa cikin kunyar dankali, ya fara tona ƙasa da hannu a inda sandan yake a da. Ba abin da ya samu sai dankalin da ya shuka. Ya ce, "Yaya, na kashe ka. Da ma ni ne na kwanta."

Ni dai duk sa'ad da na kai nan, Toma na fi ji wa. Mugu in ya yi ɓarna ya san abin da ya yi. Wannan kuwa ƙauna ce ta sa shi.

Wan ya ce, "Tashi, ƙanena. Shekara bakwai kana wucewa kana yi mini ba'a, ni kuma ina jin daɗin a ce ni kaɗai na san aikin. Ko sau ɗaya ban ce maka shigo ka gani ba. Sai da bakina ya mutu na nemi in koya maka da kalma ɗaya. Kai ka riƙe abin da ka ji, ni ne ban faɗa ba."

Duk da haka suka shuka abin da ke cikin kwalbar, gama zuciya ba ta saurin fid da rai. Suka tsiro da yawa, suka yi fure, suka haihu. Waɗansu suka ɗauko tsami, waɗansu suka ɗauko laushi, waɗansu suka yi kusa ƙwarai har Rifkatu ta ce ko ita ce. Mutumin ya ɗanɗana ya girgiza kai. Ba a sake samun irinta ba. Da lokacin fure ya zagayo, hannunsa ba ya iya riƙe gashin kaza, sai ya zauna a kujera a tsakiyar lambu yana faɗa, Toma yana durƙushe yana yi. Yatsun Toma manya ne, na mai garma, ya ɓata furanni da yawa kafin ya iya, amma bai fasa zuwa ba.

Yanzu ga abin da misalin nan yake nufi. Shukar nan guda ita ce bangaskiya mai rai, wadda Ubangiji ya ba iyayenmu bayan wahala mai tsawo. Mu kuwa muna so mu miƙa ta ga 'ya'yanmu, sai mu ba su kwalba. Mun raɗa musu suna mai kyau, mun yi musu katin baftisma, sun haddace waƙoƙi, sun san lokacin tsayawa da lokacin zama a sujada. Ba na rena waɗannan, kamar yadda ban rena tokar Toma da ƙyallensa ba. Amma ɗan dattijon ikilisiya ba ya zama mai bi don jinin ubansa. Bangaskiya tana tafiya ne ta yaɗo. Sai rai ya manne da rai, ƙarami yana kusa da babba, yana ganin yadda yake addu'a sa'ad da abinci ya ƙare, yadda yake neman gafarar matarsa, yadda yake shiru in an zage shi. Haka zai yi ta sha daga wurinsa har saiwarsa ta kama cikin Almasihu da kanta, ya tsaya ko babu kowa.

Ku matasa, in an ba ku abin da ba ku gane ba, ku tambaya. Tambaya ɗaya ta isa ta tsai da garmar Toma. Amma ba ku na fi yi wa magana yau ba. Da mu nake, masu furfura, da muke ta ƙorafi cewa yaran zamani sun noma abin da muka dasa. Yawancinsu ba da mugunta suka yi ba. Sun riƙe iyakar abin da muka faɗa musu, mu kuwa kaɗan muka faɗa, muna jira sai ranar da za a sa mu a mota.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma a ciki nake. Shekara ashirin da biyu ina koyar da 'ya'yan mutane, amma babban ɗana bai taɓa ji daga bakina yadda na tuba ba, ko irin mutumin da nake kafin Ubangiji ya same ni. Yana birni yanzu, ya daina zuwa sujada, ni kuma na daɗe ina fushi da shi kamar laifinsa ne shi kaɗai. Jiya na kira shi a waya bai ɗauka ba. Yau in mun tashi zan sake kira.

Ubangiji ya buɗe bakinmu tun muna da sauran lokaci. Amin.