Turmin Kyauta a Tsaunin Bargo

A zamanin da, tun kurmi ba shi da mai shi sai namun da ke cikinsa, an yi wani maharbi ana ce da shi Jatau. Mutanensa mazauna kwari ne a gindin Tsaunin Bargo. An ba tsaunin wannan suna ne domin kullum rana ta karkata sai farin gajimare ya sauko ya lulluɓe shi, kamar an rufa wa mai zazzaɓi bargo. Jatau dogo ne marar nauyin jiki, kuma an ce bai taɓa harba wa dabba ɗaya kibiya biyu ba. Kirarinsa shi ne: "Jatau ƙafar barewa, mai riga inuwarsa isa gida!"

Matarsa kuwa, Kyauta, ba ta da kirari. Mace ce mai ƙarancin magana, sai yawan kallo. Ko daka take yi, idonta na kan tsaunin.

Aka yi fari shekara uku a jere. Rijiyoyi suka ƙafe, ba abin da ya rage wa gari sai taiki uku na irin shuka. Jatau ya rataya bakansa ya hau tsaunin, inda ba wanda ya taɓa zuwa. Da asuba ya tashi, kafin rana ta kai tsaka yana bisa. Ya tarar da baƙar ƙasa mai laushi da idon ruwa har huɗu. Washegari ya sauko yana sara itatuwa da gatari don alama, ya shigo gari riƙe da ɗanyar ciyawa, mutane suna taɓa ta kamar ba su taɓa ganin kore ba.

"Tafiyar rabin yini ce," in ji shi. "Ku bi sarana kawai."

Maza bakwai suka ɗauki kaya suka bi. Ba su ci rabin hanya ba gajimare ya rufe su. Bayan kwana biyu biyar suka dawo, jiki na kaɗawa don sanyi. Biyu sun faɗa kwazazzabo. Dattawa suka ce wannan tsauni ba ya son mutum, gara a raba irin a cinye, kowa ya kama gabansa. Jatau ya roƙi kwana goma. Suka ba shi, suka ce in sun cika ba hanya, za a kwance bakin taiki.

Ranar nan Kyauta ta kawo masa ruwa, ta durƙusa, ta daɗe ba ta tashi ba.

"Maigida, in yi tambaya? Da ka hau, me ke bisa kanka?"

"Hula."

"To, su da suka hau?"

Jatau ya ajiye ruwan bai sha ba. Kakarsa Tabawa, tsohuwa mai bakin tsiya da ke zaune tana gyaran ƙwarya, ta fashe da dariya. "Ka ji ko, angona? Ka auna wa masu kaya hanya da ƙafar barewa. Ni za ku auna da ni. Inda na zauna, nan ne zango."

"Ke tsohuwa, ai sai mu shekara a hanya."

"Mu shekara da ranmu dai."

Haka suka tashi su uku. Jatau na gaba da gatari, Tabawa na dogara sanda, Kyauta kuma ta ɗauki turminta da taɓarya, domin ta ce duk cikin kayan mai ƙaura ba abin da ya fi turmi nauyi, kuma ba macen da za ta bar nata. Suka shiga kurmi mai dogayen itatuwa, gansakuka ta rufe jikinsu, birai masu farar jela suna leƙen su daga sama. Abin mamaki, saran da Jatau ya yi kwana kaɗan da suka wuce duk ya warke, ɓawo ya koma kamar ƙarfe bai taɓa shi ba. Kyauta ta shafa wani da hannu, ta shinshina.

Hantsi bai gama ɗagawa sosai ba Tabawa ta nemi dutse ta zauna.

"Nan? Ni fa ko gumi ban yi ba!"

"Sai ka yi shi wajen saran itace. Kafa mini bukka."

Ya kafa, yana gunaguni. Suna gama jinka gajimare ya sauko, suka zauna a ciki da wutarsu, fari fat a waje, ba wanda ya ji sanyi. Kyauta ta lura cewa kafin saukowarsa da kaɗan birai sun yi tsit. Washegari ma haka, da jibi. A rana ta uku, da birai suka yi shiru, ita ce ta ce wa mijinta ya hanzarta.

A rana ta huɗu ne abin ya ɓaci. Tabawa ta tsaya wanke ƙafa a wani rafi, Jatau ya tsaya jiran ta, Kyauta ta yi gaba da turmi zuwa wata shimfiɗar dutse da suka hango suka ce can za a yi zango. Tana sauke kaya ta ji kurmi ya yi tsit, alhali rana ba ta ko kai tsaka ba. Kafin ta waiwaya, tafin hannunta ma da ƙyar take gani.

Ta ji muryar Jatau yana kiran ta daga dama. Ta ji ta kuma daga hagu, ta ji ta daga baya. Ta amsa, tata muryar ta dawo mata ta ko'ina. Ta san tsakaninsu akwai kwazazzabo irin wanda ya ci mutum biyu.

Sai ta tuna wani abu da ta sha lura da shi a gida. In gajimare ya sauko har kwari, kiran mutum yakan ɓace, amma dakan maƙwabciya ba ya ɓacewa, har a tafin ƙafa ana jin sa. To, a wurin mutanensu dakan turmi wayam babban abin ƙi ne, sun ce kiran yunwa ne, kuma macen da aka kama tana yi ba a ƙara cin tuwonta. Ba ta da ko ƙwayar hatsi. Duk da haka ta riƙe taɓarya. Daga nan ta ɗaga ta sauke.

Dum. Dum. Dum.

An ce dutsen da kansa ya ɗauki sautin ya kai shi ƙarƙashin ƙafar Jatau. A lokacin ya goya kakarsa, ya nufi inda yake zaton muryar matarsa take. Da ya ji dakan sai ya tsaya cak, ya miƙa sandar tsohuwa gabansa, sandar ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ja da baya, ya juya, ya bi sautin taku ɗaya ɗaya. Kyauta ba ta daina ba har tafukanta suka yi bororo suka fashe, har ta ga inuwar mutum mai kai biyu ta fito daga cikin farin.

Tabawa ta sauko, ta leƙa turmin, ta dubi Kyauta.

"Wace marar kunya ce ke dakan turmi wayam?"

Kyauta ta sunkuyar da kai.

"Ci gaba, 'yar nan. Yunwar da za ta iya hawo wannan tsauni, ta zo mu gaisa."

Bukka biyar suka kafa a hanyar da Jatau ya ce rabin yini ce. A kowace ya sassaƙa turmi ya ajiye. Ya sauko shi kaɗai ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, ya tsaya gaban dattawa ya ce, "Ni na ga ƙasar, amma ba ni na ga hanyar ba." Gari ya tashi, da tsofaffi da masu ciki da awaki, zango zango, ba a rasa ko ɗan akuya ba. Aka shuka taiki uku a baƙar ƙasa. Daga ranar aka daina ce da shi ƙafar barewa, sai "Jatau na Kyauta, mai tafiyar tsohuwa," kuma an ce bai taɓa jin haushin sunan ba.

Yanzu tsaunin ya zama gandun daji, baƙi na zuwa daga nesa da jaka a baya don su hau shi. An yi wa bukkokin rufin kwano, amma ba a matsar da ko ɗaya ba. Samari masu ƙarfi kan yi mita cewa zangon ya yi kusa da juna, masu yi musu jagora su ce ai ba da ƙafarku aka auna ba. A bakin kowace bukka akwai turmi da taɓarya, ba a zuba masa komai. Duk wanda ya riga isa, in birai suka yi shiru, sai ya ajiye jakarsa ya kama daka, ko ya san akwai mutum a baya ko bai sani ba.