Awon Minti na Arba'in

Akwai wani masanin lissafi a wata cibiyar bincike, abokan aiki na kiransa Dakta Ba-Kuskure. Yana amsawa da fara'a, bai san zolaya ba ce.

Aikinsa gina lissafi a kwamfuta da zai nuna yadda furotin ke miƙa wa juna saƙo a cikin ƙwayar halitta, wannan ya taɓa wancan, har ƙwayar ta rabu biyu ko ta tsaya. Shekara huɗu yana kansa, burinsa duniya ta san sunansa.

Mai yi masa awo a ɗakin gwaji wata dattijuwa ce, kowa Anti yake ce mata.

Lissafinsa ya ce in an ɗiga magani, saƙon zai mutu cikin rabin awa. Awon Anti ya nuna yana mutuwa, amma a minti na arba'in sai ya sake tashi.

"Dakta, sau shida na maimaita, kullum sai ya dawo," in ji ta.

Ya yi dariya. "Anti, hannunki ne ya fara rawa. Lissafina ba ya ƙarya."

Ya goge duk awon da ya wuce minti talatin, zanen sakamakon ya fito sumul, aka buga a mujalla. Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa shugaban cibiya cewa aikinta ba inganci. Matar da ta shekara ashirin tana awo aka mayar wankin kwalabe. Bayan wata uku ta ajiye aiki. Wallahi wannan wurin yana ci mini rai.

Bayan shekara biyu, wasu masu bincike suka gano wata ɓoyayyar hanya da furotin ke bi su farfaɗo da saƙon, daidai minti na arba'in. Su aka yi wa tafi, nasa binciken aka janye daga mujallar.

Ya je gidan Anti, ya tarar tana yi wa jikarta kitso.

"Anti, littafin awonki nake nema. Zai nuna mun riga su gani."

"Ku da wa?" ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Ai kai ka sa hannu a takardar da ta ce a zubar da shi, Dakta. An zubar."

Darasi: In gaskiya ta saɓa wa lissafinka, lissafin za ka gyara, kada ka wulaƙanta wanda ya faɗa maka. Ku tura wa wani, ƙila akwai Antin da yake rainawa a wurin aikinsa.