Tabarmar Malamin Sikh

Baba, ga darasin da zan kai ajin yaran coci da ka bar mini. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Akwai wani mutum a ƙasar Indiya, malamin mutanen da ake kira Sikh. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya zo wurin ibada sai ya ci abinci, kowa a ƙasa, sahu ɗaya, mai dukiya kusa da mai shara. Malamin nan shekara arba'in yana zama a ƙarshen sahu, bakin ƙofa, kan wata tsohuwar tabarma. In baƙo ya zo, sai ya matsa masa.

Ana nan sai ya rasu. Ɗansa ya gaji hidimar, amma zuciyarsa ta ƙi sakin uban. Ya kewaye tabarmar da furanni, ya ce kada kowa ya taka ta. Kullum da safe yakan tsaya yana kallon gurbin da gwiwoyin tsohon suka bari.

Wata rana ana ruwa, wani majemi ya iso, jikinsa yana warin fata. Sahu ya cika. Ɗan ya zuba masa wake a kwano, ya nuna masa gindin bango a waje.

Sai wata tsohuwa da take gasa gurasa a wurin ta taso, hannunta duk gari. Ta kwashe furannin, ta zaunar da majemin a kan tabarmar. Ɗan ya tuna mata ko tabarmar wa ce.

Ta ce, "Na sani, ɗana. Shekara arba'in ban taɓa ganinsa a kanta shi kaɗai ba."

Sa'an nan ɗan ya ɗauko nasa kwanon, ya roƙi majemin ya ɗan matsa masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, abin da mutumin kirki ya bari ba na ajiya ba ne. Bangaskiyarsu dabam da tamu, amma ko Ubangijinmu tare da waɗanda aka ƙi ya ci abinci. Yara, in kuna ƙaunar wanda ya tafi, ku ci gaba da abin da hannunsa ya saba yi.

Baba, kekenka da na rataye a ɗaki tun ranar jana'izarka, jiya na sauke shi. Na ba Malam Ishaku, mai zuwa wa'azi ƙauyuka da ƙafa. Har yanzu ƙararrawar tana maƙalewa yadda ka bar ta. Inna ba ta sani ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.