Taya Mai Ɗigon Rawaya

An yi wani mutum da ya shiga motar haya wata Talata da hantsi, lokacin da bai saba komawa gida ba. A cinyarsa akwai jaka. A cikin jakar: takardar sallama, rigar aiki biyu, kofin shayi, katin shaidar da aka huda, da wani ƙarfe mai aiki da lantarki wanda ake yanka zane a jikin taya da shi. Ƙarfen ba nasa ba ne. Ya ce a ransa ladan shekara goma sha huɗu ne.

Shi ne mai duba tayoyi a garejin wani kamfanin manyan motoci. Babu motar da ke fita sai ya durƙusa ya shafa tayarta ya ce to. Shi ya sa ake kiransa Sufeto. Da kasuwa ta mutu, kamfanin ya ajiye rabin motocinsa, ya sallami rabin mutanensa.

Sati uku yana zaune a falo shi da matarsa suna neman sana'ar da zai kama. Cajin waya? Kowace kwana akwai mai yi. Ruwan sanyi? Babu wutar da za ta riƙe firji. Matar ta ce ya yi faci, tunda ya san taya, kuma duk tsananin da ake ciki mota ba ta daina taka ƙusa. Ya dube ta sheƙeƙe. Shi da ke sa hannu a takarda, ya zauna bakin titi da bahon ruwa da famfon iska, direbobin da ke gaishe shi su riƙa wucewa suna danna masa hon? Ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda hon ya kashe ba.

Ya zo wurina neman shawara, saboda na yi karatu a nesa na dawo, ana ganin na san wani abu. Na gaya masa abin da na karanta: idan aljihu ya bushe, mutane ba sa sayen sabo, tsoho suke lallaɓawa, don haka ya nemi abin da ba su da ikon dainawa. Ban tambaye shi ta yaya zai yi ba. Ban ambaci Allah ba ko sau ɗaya. Wannan kasona ne, kuma har yau yana damuna.

Ya kama shago kusa da tasha, ya kafa allo, ya fara sayar da tayoyi na hannu. Masu kyau suna da tsada, ribarsu kaɗan. Waɗanda suka cinye suka zama sumul kuwa, kusan kyauta ake ba da su. Sai ya tuna da ƙarfen nan.

Ya 'yan uwa, tayar babbar mota tana da kauri, ana iya sake yanka mata zane ta ƙara tafiya. Tayar ƙaramar bas ba ta da wannan kaurin. Idan ka yanka ta, tsakanin titi da wayar ciki babu abin da ya rage sai 'yar fatar roba. Wa ya fi Sufeto sanin haka? Aikinsa ke nan shekara goma sha huɗu.

Yakan tura ƙofar baya, ya yanka, ya wanke, ya shafa baƙin mai har ta yi sheƙi. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo ya ce, "Sufeto, yau ma an yi wa tsohuwa kwalliyar amare?" Sai su yi dariya, ya aika a kawo masa kofi.

Amma yana da tsari. Duk tayar da ya yanka, yakan ɗiga mata fenti rawaya daga ciki, inda mai saye ba ya dubawa. Idan ɗan uwa ya zo, ko maƙwabci, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai ya ɗauko mara ɗigo. Wata rana matarsa ta kawo masa abinci ta ga gwangwanin fentin, ta tambaya. Ya ce, "Na baƙi ne." Ta ɗauka maganar farashi yake yi.

Yana ganin wannan tsarin ya sa shi mutumin kirki. Ai bai taɓa cutar nasa ba.

Mahaifin matar Sufeto direban bas ne, dattijo, wanda 'yan tasha ke kira Ba-gaggawa saboda ko keke yana iya wuce shi. Tayoyinsa na gaba sun ƙare. Ya san idan ya je shagon mijin 'yarsa da kansa, ba za a karɓi kuɗinsa ba, kuma ba ya son ya ɗora wa mai sabuwar sana'a nauyi. Ga shi yana son cinikin ya shiga gidan 'yarsa. Sai ya aiki wani abokin aikinsa, Dogo, wanda Sufeto bai taɓa gani ba, ya ja masa kunne kada ya faɗi wanda ya aiko shi.

Dogo baƙo ne. Aka ba shi na baƙi.

Kwana tara bayan haka, da rana tsaka, kwalta ta yi zafi, bas cike da fasinja tana gangara, tayar dama ta fashe. Rashin gudun dattijon ne ya sa ba a rasa rai ba. Wata mata ta karye a hannu. Bas ta tashi daga aiki. Ƙafar dattijon ta dama, wadda yake taka birki da ita, likita ya ce ba za ta ƙara taka komai ba.

Sufeto ya iso asibiti da ledar lemo. A barandar ɗakin ya tarar da matarsa da yayyenta biyu, da wani dogon mutum zaune a benci, riƙe da yagaggen ɓangaren taya da ya tsinto a wurin haɗarin. Suka haɗa ido. Dogo ya ce ashe mai shagon ne surukin dattijon.

Da Sufeto ya yi shiru, wataƙila da an ce ƙaddara ce kawai. Amma bakinsa ya riga shi. Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini na Baba ne ba?"

Matar ta miƙa hannu ta karɓi robar, ta juya cikinta. Ɗigon yana nan.

Ya 'yan uwa, matsi gaskiya ne, kuma neman sana'a a cikinsa ba laifi ba ne. Amma ku duba inda mutumin nan ya fara zamewa. Ya ji kunyar bahon faci, bai ji kunyar Ubangijinsa ba. Sannan ya raba bayin Allah gida biyu, nasa da baƙi. Matar da ta karye a hannu ba 'yar wani ba ce? Wanda ka cuta yau don ba ka san shi ba, ka san wa ya aiko shi? Kafin ka zaɓi sana'a, ka tambayi kanka ko za ka iya sayar wa mahaifinka abin da ke kan teburinka ba tare da ka juya shi ka duba ciki ba. In ba za ka iya ba, ka bar ta, ko da za ka zauna bakin titi.

Labari ya kai tasha kafin la'asar. Babu wanda ya zage shi. Direbobi dai sun daina tsayawa, mai shayi ya daina leƙowa, allon ya yi ƙura.

A rana ta uku Sufeto ya koma asibiti, ya tsaya a bakin ɗakin ya kasa ɗaga kai. Dattijon ya juya fuskarsa bango. Matar ta taso ta tare ƙofa, ta miƙa masa makullin gidansa.

Ta ce, "Baban yara, ni zan zauna in yi jinyar Baba. Abincin da na ci daga shagon nan ya ishe ni. Daga yau ka lissafa ni cikin baƙi."

Ta rufe ƙofar a hankali, don kada ta tashi marasa lafiya.

Allah ya kiyaye mu daga abincin da za mu ji kunyar faɗin inda ya fito, ya tsare bayinsa daga hannayenmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba.