Idanun Hawainiya da Shelar Hankaka

Yadda idon hawainiya ɗaya ke kallon gabas ɗaya na kallon yamma, kuma take ɗaga ƙafa ta tsaya kamar mai tsoron taka ƙaya, ba haka aka halicce ta ba. Ku zubar da duwatsun nan ku zauna, yara. Kai Ɗanlami, har na cikin aljihu.

A da can, duk fadamar Rimin Gayya ba mai saurin Hawainiya. Ko Ƙadangare ba ya ganin ƙurarta. Idanunta kuwa tare suke tafiya, kamar naku.

Fadamar tana da mai shela, shi ne Hankaka. Da asuba zai tashi ya zaga duniya, da hantsi ya sauka kan rimi ya faɗi abin da ya gano. Labarin da aka fi jira a bakinsa shi ne na wuta. In ciyawa ta bushe, mafarauta kan cinna wa daji wuta don su kori nama, kuma kafin ranar sukan daina ba karnukansu tuwo don su yi zafin farauta. Hankaka yakan je ƙauyensu ya zauna kan danga ya duba cikin karnuka. In ya ga sun lafe, sai ya dawo ya yi shela, kowa ya kwashe 'ya'yansa ya hau dutse. Bai taɓa kuskure ba. In gardama ta tashi aka ce Hankaka ne ya faɗa, to magana ta ƙare. Gero da gyaɗa suka yi ta zuwa gidansa. Farar rigar nan da kuke gani a ƙirjinsa ma tukuici ce.

Sai Hankaka ya yi ƙiba. Ƙauyen mafarauta ya fara yi masa nisa. Ya gano cewa daga kan rimi ma ana hangen abubuwa da yawa, in ka ƙara musu gishiri.

A shekarar Hawainiya ta samu 'ya'ya, ƙanana kamar tsinken ashana. Ta ajiye su cikin busasshiyar ciyawa saboda nan farar da za su ci take da yawa, da niyyar ranar da aka yi shela ta kai su dutse. Hankaka kuwa ya leƙo daga sama ya hange su. Ya ce a ransa, wannan mai yawon ba inda ba ta zuwa, da akwai wuta da ba ta bar 'ya'yanta a nan ba. Ya gyara riga, ya gyara murya.

"Jama'ar fadama, mun samu daga majiya mai tushe cewa bana babu wuta."

Hawainiya ba sakarya ba ce. Ta je ta tambayi Kwaɗo, ya ce shi ma haka ya ji. Ta tambayi Bushiya, ta ce tabbas, ai magana ta bazu. Ba ta tambaye su a ina suka ji ba. Da ta tambaya, da ta san Kwaɗo a gindin rimi ya ji, Bushiya kuma a bakin Kwaɗo.

Tana komawa gida ta ci karo da Gafiya, wadda kowa ya sani da shiga rumbun mutane. Gafiya ta tsayar da ita, ta ce daga ƙauyen mafarauta take, kuma karnukan da ta gani haƙarƙarinsu duk a waje.

"Yaya, kwashe yaran nan yau. Da idona na gani."

"Me ya kai ki ƙauyen?" in ji Hawainiya.

Gafiya ta kau da kai, don akwai dawa a kumatunta.

"To kin gani. In bar maganar mai farar riga in kama ta mai sata?"

Gafiya ta juya. Ta kwashe nata 'ya'yan ta hau dutse, ana yi mata dariya.

Wutar ta zo da tsakar rana, Hawainiya tana bakin rafi. Da ta hangi hayaƙi ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, amma iska ta fi ta. Ta tarar da toka tana ɗumi. Ta tona, ta tona, har ƙafafunta suka sale. Ba ta samu ko ɗaya ba.

Da toka a jikinta ta hau rimi. Ta samu Hankaka yana kakkaɓe riga. Ba ta zage shi ba. Ta ce abu ɗaya take so, ya gaya mata wace ce majiyar nan mai tushe. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ba a bayyana majiya, sirrin sana'a ne. Ta ƙi sauka. Da ya ga ba za ta tafi ba, ya sauke murya.

"Ke ce, baiwar Allah. Na ga kin bar su cikin ciyawa, na ce lallai kin san wani abu."

"Ni kuma kai nake jira," in ji ta.

Washegari da hantsi Hankaka ya hau rimi ya ba da labarin gobara tiryan-tiryan, ya yi wa waɗanda suka yi rashi ta'aziyya, ya ja kunnen iyaye su riƙa lura da 'ya'yansu. Bai ambaci shelar da ya yi ba. Jama'a suka taru suka saurara, don ba su da wani mai shelar.

Hawainiya tana can gefe. Ta kafa wa bakin Hankaka ido ɗaya, ta juya ɗayan wajen ƙauyen mafarauta, ko za ta ga abin da yake faɗa. Haka ta riƙa yi wa duk mai ba ta labari, har idanun suka rabu, suka ƙi komawa.

Shi ya sa har yau in kun gan ta a kan reshe, ido ɗaya na kanku, ɗaya na neman inda kuka fito. Ko kun rantse mata hanya lafiya, sai ta ɗaga ƙafa, ta ja da baya, ta jira, kafin ta taka. Saurin ma ta bar shi, don ba ta da wanda za ta yi wa gudu ta tarar a gida.